Ranar da Takobin Baba Ya Sha Jini

Wata Asabar ce a watan Mayu na shekarar 2004, shekarar da ƙwarin nan masu jajayen idanu suka ɓullo daga ƙarƙashin ƙasa suka cika bishiyoyin garinmu Laurel, kusa da Washington, da kuka, har mutum ba ya jin maganar na kusa da shi in a waje suke. Ina da shekara goma sha ɗaya. Umma ta ba ni tsintsiya in share ɓawon ƙwarin da ya taru a ƙofar gida, ina cikin sharar sai ga Anti Hawa, maƙwabciyarmu, ta fito a guje, ba takalmi ba ɗankwali, jini ya rufe mata rabin fuska, hannunta na hagu yana lilo kamar ba a jikinta yake ba. Ko ihu ba ta yi ba. Ta bangaje ni ta faɗa falonmu, inda Baba yake zaune a gaban farin ƙyalle, takobinsa a zare a kai, domin ranar shafa masa mai ce.

Sai na ɗan koma baya kafin in faɗi abin da ya biyo, don a san yadda takobi ya zo falon mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Baba injiniyan ƙarafa ne, yana aiki a wani ɗakin bincike a Beltsville, amma jikan maƙera ne na cikin birnin Kano, kuma da wannan ya fi alfahari. Kafin ya auri Umma ya yi karatu a Japan. A can wani tsohon malaminsa ya lura da yadda yake shafa ƙarfe kamar mai shafa kan yaro, ya tambaye shi asalinsa, da ya ji sai ya kai shi wani ƙauye ya ga yadda ake ƙera takobi da hannu. Ranar da Baba zai baro ƙasar, tsohon ya miƙa masa takobin gidansu a naɗe cikin jakar siliki, ya ce 'ya'yansa ba su damu da shi ba, gara ya zauna a hannun wanda ya san zafin maƙera.

Gidanmu ɗaya ne cikin jerin gidaje masu manne da juna, bango ɗaya ya raba mu da su Anti Hawa. A baya akwai ƙofar gilashi mai zugewa, da ɗan filin da Umma ta mayar lambu, ta shuka yakuwa da alayyahu da tattasai da kuɓewa. Aikina ne ban-ruwa da korar zomaye, ƙanena Sadiq kuwa shi ke jan kwandon shara zuwa bakin titi, yana yi yana mita. In rawayar motar makaranta ta sauke mu, sai mu jefar da jakunkuna mu yi filin ajiye motoci, 'yan mata muna tsallen igiya, maza suna tseren keke, har mu ji kukan jirgin ƙasa mai dawo da ma'aikata daga Washington, mu san Baba ya kusa. A gida a yi mana Hausa mu amsa da Turanci, Umma ta yi faɗa har ta gaji. Amma ranar shafa wa takobi mai, Baba ba ya karɓar Turanci daga bakin kowa, kuma a gaban wannan farin ƙyallen na koyi mene ne masaba da uwar maƙera da zuga-zugi.

Yakan zaunar da mu nesa kaɗan, ya yi bismillah, ya zare shi a hankali kaifin yana kallon sama. "Kada wanda ya taɓa da yatsa, kada wanda ya yi numfashi a kansa," in ji shi, domin gumi da yawu tsatsa suke haifarwa. Shi kansa in zai yi magana sai ya kawar da fuska gefe. Ya ce asalin wannan ƙarfe baƙin yashi ne da ake kwasowa daga gindin koguna, a zuba shi da gawayi cikin tanderun laka, a yi kwana da kwanaki ana ciyar da wuta, sannan a fasa tanderun a ciro dunƙule. Maƙeri ya farfasa dunƙulen, ya zaɓi gutsattsarin da ido, ya jera su ya gasa, a yi ta dukansu da masaba, a ninke, a sake duka, a sake ninkewa, har datti ya fita ya bar ƙarfe mai zane-zane a jikinsa kamar na katako. Sai a sa ƙarfe mai taushi a ciki, a naɗe shi da ƙarfe mai tauri, kamar rake, don ya yi kaifi amma kada ya karye. Daga nan a shafe shi da laka, mai kauri a baya, siririya a bakin kaifi, a gasa shi a ɗaki mai duhu don a ga launin wutar sosai, a tsoma shi a ruwa. A nan yake lanƙwasa da kansa, a nan kuma da yawa suke tsagewa aikin watanni ya tashi a banza. Baba yakan karkata shi ga hasken taga ya nuna mana farin layin da lakar ta bari a bakin kaifin, yana hawa yana sauka kamar hayaƙi.

Ni dai ƙotar ta fi burge ni. An lulluɓe ta da farar fatar wani kifin teku mai ƙurji-ƙurji, aka naɗe da baƙin zaren siliki a giciye, farin yana leƙowa ta tsakanin saƙar. Tsakanin ƙota da kaifi akwai faifan baƙin ƙarfe mai kare hannu, an sassaƙa zalɓe a tsaye cikin ciyawar bakin ruwa, idonsa ɗigon zinariya. Kuben na katako ne marar nauyi, an shafe shi da ƙaron wata bishiya har yana ƙyalli, ina ganin fuskata a ciki. Duk wannan ƙusar gora guda ce ta riƙe shi, in Baba ya ture ta sai ƙotar ta zame, sunan maƙerin ya bayyana a gindin ƙarfen, inda ba mai gani. Sai ya goge tsohon mai da takarda mai laushi, ya ɗan buga masa farin gari, ya shafa sabon mai, falon ya gauraye da ƙanshin kanumfari. Tun da aka ba shi, ko zare bai taɓa yankawa da shi ba.

Anti Hawa mutuniyar Kumasi ce, tana aikin kula da tsofaffi. Hausarta ta zango tana ba mu dariya, don mace ma "ya zo" take ce mata, kuma duk Juma'a sai ta aiko mana da wake da shinkafa irin nasu mai ja, da baƙin yaji. Mijinta Awudu direban babbar mota ne a wani sito. A waje mutum ne mai fara'a, har keke ya taɓa gyara wa Sadiq, amma ta bango muna jin abin da yake yi. Umma ma'aikaciyar jinya ce, ta sha gasa wa Anti Hawa kumburi a kicin ɗinmu, Baba da dattawan masallaci sun sha zaman sulhu, Awudu ya yi kuka ya yi rantsuwa, a kwana biyu a koma gidan jiya. A wannan Asabar ta gaya masa ta samu ɗaki za ta tashi.

Tana faɗawa falon Umma ta fizgo ni ciki ta murɗa makulli. "Hajiya, zai kashe ni, yau zai kashe ni," abin da Anti Hawa take ta maimaitawa ke nan, jini yana bin haƙoranta. Umma ta danna mata tawul a gira, ta ce da ni, "Hadiza, ɗauki waya ki kira 'yan sanda, ki ja ƙaninki ku shiga ƙarƙashin tebur." Ina cikin ba matar da ta ɗauka adireshinmu aka fara dukan ƙofa, dukan da ya sa hotunan bango suka zubo. Baba ya je bakin ƙofar yana cewa, "Awudu, ka ji tsoron Allah, ka koma gida, an riga an kira hukuma." Sai dukan ya tsaya. Muka ɗauka ya tafi. Ashe zagayawa ya yi ta lambu, ya tattake yakuwar Umma, ya ɗaga ƙarfen kwance taya ya sauke a ƙofar gilashi. Gilashin ya zube gaba ɗaya kamar an juye buhun gishiri, kukan ƙwarin waje ya cika gidan.

Ya shigo idanunsa jajur, bai kalli kowa ba sai matarsa. Umma ta tare shi da jikinta, ya kai mata ƙarfen a kafaɗa, na ji ƙarar ƙashi, ta durƙushe. Ya kama gashin Anti Hawa ya ja ta a kan fasasshen gilashi, ya ɗaga ƙarfen saitin kanta. Ban ga lokacin da Baba ya sunkuya ba. Na dai ga wani haske ya gifta, ba ƙara, ba komai, sai ƙarfen taya ya faɗi ƙasa, hannun Awudu ya buɗe daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Da farko fari na gani, kafin jini ya yi tsartuwa har jikin labule. Awudu ya zube a gwiwoyinsa yana kallon hannun, yana wani irin gurnani. Baba kuwa ya riƙe ƙotar da hannu biyu, ya sake ɗaga takobin sama da kansa, kuma fuskar da na gani a ranar ba ta ubana ba ce. Leɓensa ya janye, haƙoransa a waje, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Baban Hadiza!" Umma ta yi ƙara daga ƙasa. "Yara suna kallonka!"

Ya tsaya a haka, takobin a sama, jini yana gangarowa kan zalɓen yana ɗiga a hularsa. Can ya sauke shi a hankali. Umma ta ja jiki, da hannu ɗaya da haƙori ta ɗaure damtsen mutumin da ya karya mata kafaɗa da mayafinta, ta sa Anti Hawa ta danne raunin, ita ma ta danne tana kuka. Amma yatsun Baba sun ƙi buɗewa. Yana nan tsaye, baƙin mutum mai gemu cikin jallabiya, da takobi mai jini a hannu, lokacin da 'yan sanda suka ɓullo ta lambu da bindigogi a ɗage. Suna ihu da Turanci, shi kuwa kamar ba ya jin yaren. Na ga bakin bindiga ya tsaya a ƙirjinsa. Umma ce ta kurma masa ihu da Hausa, "Yar da shi! Don girman Allah yar da shi!" Sai ya wurga shi waje, ya daki simintin bakin lambu da ƙara. Suka kifa Baba a kan gilashi, gwiwa a bayansa, suka sa masa ankwa. Na fito daga ƙarƙashin tebur da wayar a hannuna ina ihu cewa ubana ne, ni na kira su, ga mai laifin can.

Sai washegari aka sako shi, bayan Anti Hawa ta ba da bayani daga gadon asibiti, aka kuma saurari abin da aka naɗa na kiran da na yi wa 'yan sanda. Ya dawo da ƙananan yanka a kumatu da goshi, ya yi wanka, ya zauna a kan darduma har la'asar. Awudu ya rayu, amma yatsunsa uku ba su ƙara motsi ba, ya yi zaman kurkuku, daga baya muka ji ya bar jihar. Umma ta yi watanni da hannu a rataye. Takobin ya daɗe a wurin hukuma, ya dawo a cikin kwali, jinin da ba a goge ba ya ci jikinsa ya bar baƙaƙen tabo, bakin kaifin ya ɓalle a inda ya daki siminti. Abokan Baba suka ce akwai masu wasa bakin takobi irinsa da duwatsu su mayar da shi sabo, ya ce a bar shi yadda yake. Da Babbar Sallah ta zo muka je gonar da muke yanka rago, aka kayar da ragon, Baba ya ɗauki wuƙa ya daɗe yana kallon wuyan dabbar, sai ya miƙa wa wani ya ce ya yanka masa. Sadiq ya yi shekara yana fitsarin kwance. Ni kuma na daɗe in Baba ya miƙo hannu zai shafa kaina sai na ji jikina ya noƙe, shi kuma yana gani.

Yanzu ina zaune a Germantown da mijina da 'ya'yana, a bene na uku, ba lambu ba maƙwabcin da na san sunan mahaifiyarsa. Anti Hawa ta tsufa cikin rufin asiri, jikokinta suna kiran Baba kakansu. Nakan yi kewar waccan unguwa, inda mace za ta fito a guje ta san ƙofar da za ta faɗa ba tare da ta ƙwanƙwasa ba. Baba ya yi ritaya, hannunsa ya fara rawa, ni nake yanke masa farce. Kwanan baya ina cikin yankewa na tambaye shi ko yana nadamar abin da ya faru. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce, "Saran farko ban taɓa nadamarsa ba, Uwata, ko yau aka maimaita zan yi. Na biyun da na ɗaga, wanda ban kai masa ba, shi nake nema wa gafara har gobe." Na riƙe hannun na ci gaba da aikina, kuma a wannan karon jikina bai noƙe ba.