Nauyin da na soke da jan biro

Shekarun baya, da aka turo ni wata lakwal, makarantar gaba da kwaleji, a Ƙonni, shimi, ilimin sinadarai, na karanta, amma aka ɗora mini har da fizik na ajin ƙarshe, don babu malami. Ban ce ban iya ba. Sai na riƙa karanta darasin gobe yau, in shiga aji ina hura hanci kamar ni na rubuta littafin.

A shimi mun saba datse lambobi. Wannan nauyinsa ɗaya, wancan huɗu, abin da ya biyo bayan waƙafi a watsar. Da muka fara darasin cibiyar ƙwayar zarra, sai na ba su jarrabawa: heliyom tana da furoton biyu da nutron biyu, a haɗa nauyinsu a gwada da nauyin cibiyar. Amsar da ke kaina ita ce huɗu daidai da huɗu. Kusan duk ajin haka suka rubuta, tunda haka na koya musu.

Ɗaliba ɗaya ce ta saɓa, wata shiru-shiru daga Badaguishiri da ke maimaita ajin. Kowa ya san idan makinta na shekara bai kai rabi ba, korarta za a yi. Ita ba ta datse komai ba, ta bi lambobin har wutsiyarsu, sai ta tarar cibiyar ba ta kai nauyin sassanta ba. Giɓin ɗan mitsitsi ne, amma yana nan. Na ja jan biro na soke shafin gaba ɗaya.

Ranar raba takardu ta ɗaga hannu. "Malam, sau ukku ni sake lissahin ga, kullum sai ya rage. Ina nauyin yat tahi?"

Na ce, "Ke da babanki ke noman albasa, kin taɓa ganin an ɗora buhu huɗu a amalanke sun koma uku da rabi?" Aji ya kwashe da dariya. Wallahi har daɗi na ji a lokacin. Ta zauna.

Bayan mako biyu na buɗe babi na gaba don in shirya darasi. Babin gaba ɗaya a kan giɓin nan nata yake. Idan furoton da nutron suka haɗu suka manne, wani ɗan nauyi yakan fita a matsayin makamashi, kuma sai an mayar da daidai wannan makamashin kafin a iya raba su. Yarinyar ta gano abin da kanta, ni na mai da ita abin dariya.

Makin ya riga ya shiga buro, ofishin lakwal. Gyara shi na nufin in tsaya gaban shugaban lakwal in ce ban san abin da nake koyarwa ba. Na kasa. Na shiga aji na koyar da babin tiryan-tiryan, na ƙi kallon layin da take zaune. Ita kuwa tana ta rubutu a kayenta, littafin darasi.

Ƙarshen shekara makinta ya gaza da kaɗan, jarrabawar kammalawa ta bak ma ba ta samu ba, aka sallame ta. Na daɗe ina gaya wa kaina ai ba jarrabawata kaɗai ta kayar da ita ba. Wataƙila haka ne. Ban dai taɓa yarda na zauna na lissafa ba.

Yanzu na iya fizik, ɗalibaina ma suna yabona, kuma idan yaro ya kawo amsar da ban zata ba, nakan ce ya ba ni zuwa gobe. Amma kunyar ba ta ragu ba. Bara na gamu da ita a tashar Malbaza, da goyo a bayanta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta juya ga mijinta ta ce, "Wanga shi na malaminmu na fizik, ya sha haƙuri da ni, kaina ba ya ɗauka."

Na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarta ya yara.