Kyamarar da Falalu Ya Auna a Hannu

Shekara goma sha tara Falalu yana fawa a kwatar Trans-Amadi da ke Fatakwal, ba a taɓa jin ya sayi sa ya yi kuka ba. Zai shafa tozo, ya matsa kwiɓi, ya faɗi naman da za a samu, kuma haka ake samu. A dā ɗan dambe ne, irin damben mahauta da ake yi duk Lahadi bayan la'asar a fili bayan kwata. Hammadu, wanda teburin namansa ke kallon nasa, shi ya raba shi da dambe da naushi guda a muƙamuƙi, gaban makaɗa da kowa. Tun daga ranar, da gefe ɗaya Falalu yake tauna.

Sai ya koma ɗaukar hoton dambe da waya. Yakan ce al'ada yake adanawa, saboda yaran da aka haifa a nan sun fi jin broka da Hausa. Matarsa Zuliha ce kaɗai ta taɓa duba wayar da kyau, ta ga kusan duk hotunan na mutum ɗaya ne. Ta tambaye shi ko Hammadu ne kaɗai al'adar. Ya karɓe wayarsa.

Abin da yake so bai taɓa faɗa ba: fuskar Hammadu a daidai lokacin da ƙafafunsa suka sake shi. Shekaru yana jira, Hammadu bai faɗi ba.

Da aka ji Hammadu zai yi dambensa na ƙarshe da wani matashi daga Inugu mai suna Jabir, kowa ya san girma ya zo wa Hammadu, wannan karon sai ƙasa. Falalu yana da gilashin zuƙowa da ya saya hannun wani mai hoton biki da ya bar sana'a. Jikin kyamarar ne babu. Ya hau mota zuwa Anacha, inda aka ce na hannu sun fi sauƙi.

A wani shago kusa da Head Bridge, bakin babbar gada, mai kayan ya ajiye masa guda biyu da kuɗinsa zai iya kaiwa. Ɗaya ƙarama ce, duk ta kurje, amma da ya danna ta sai ta yi ta ƙara kamar keken ɗinki, hoto goma kafin ƙiftawar ido. Ɗayar tsohuwa ce ƙatuwa, jikin ƙarfe, fes da ita, irin ta ɗakin hoto inda mutum ke tsayawa cak. Mutumin ya gaya masa gaskiya: in faɗa zai ɗauka, ya ɗauki ƙaramar.

To, a kara, kasuwar shanu, Falalu ya koyi ciniki, kuma a can bijimin da dillali ya fi yabo shi ke da ciwo. Ya ɗaga ƙaramar a tafin hannu, ya jinjina, ya ajiye. Ya ɗaga babbar, ya ji ta danne masa wuyan hannu.

"Oga, waccan ba ta da nama," in ji shi. "Ɗaure min wannan."

Ranar damben hadari ya haɗu, haske ya dushe tun kafin kalangu ya yi zafi. A turmi na biyu Jabir ya sunkuyo ya kawo hannu. Falalu ya gani tun daga kafaɗa, irin ganin wanda aka taɓa yi wa, ya danna a kan lokaci. Gilashin ya yi gaba, ya yi baya, yana laluben abin kamawa. Kafin kyamarar ta ce ƙas, Hammadu ya kai ƙasa, jama'a sun cika fili. Abin da ta ba shi bayan rigar wani ne, da rabin ƙafa a ƙasa.

Litinin da safe Hammadu ya tsallako da kumburarren ido, ya gaishe shi har da tambayar iyali.

"Mai hoto, an kashe tsohonka jiya. Me ka samar min na nuna wa jikoki?"

Falalu ya so ya ce babu. Amma kyamarar na rataye a wuyansa, mahauta kuma sun riga sun kewaye su. Hoto ɗaya ne ya fita, wanda ya ɗauka don gwaji kafin a fara: Hammadu tsaye cak, hannun da aka ɗaure da karan dambe a sama, ƙirji a buɗe, kowace jijiya ta fito.

Hammadu ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ashe haka nake. Allah ya yi maka albarka, Falalu."

Aka wanke hoton babba, aka sa masa gilashi, aka rataye shi saman teburin Hammadu. Masu sayen nama kan tambayi wa ya ɗauka, sai Hammadu ya nuna tsallaken hanya da wuƙa. Falalu yakan ɗaga hannu ya amsa yabo, ya ci gaba da sara ƙashi. Hammadu ba zai sake shiga fili ba, kuma babu wani wurin tebur a kwatar da za a koma.