Kilo Sha Bakwai na Motar Baba

Shekara ashirin da biyu mahaifina ya yi yana ɗauko ƙwai daga wata gonar kaji a bayan gari, yana raba wa masu shaguna. Mota ɗaya ya yi aikin nan da ita, doguwa mai ƙofa biyar, wadda a da fara ce. Ta girme ni da shekara uku. A gareji ba mai kiransa da sunansa, Kilo suke ce masa, yana kuwa amsawa.

Sunan ya samo asali ne daga wani hawa da ke tsakanin gonar da gari. Da motar ta fara tsufa, in an cika ta sai ta shaƙe a tsakiyarsa. Bakanike ya ce a canja inji. Baba ya ce inji lafiyarsa lau, kayan banza ne suka yi masa yawa. Ran nan ya kwance kujerar baya, ya kai ta wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ba sayarwa ya je yi ba, sikeli ya je aro. Kilo ashirin da shida. Ya dawo ya rubuta da alli a bayan ƙofar ɗakinsa, kujerar kuwa ta zama wurin zaman Mama a tsakar gida.

Daga nan abin ya zame masa jiki. Kafet ya tafi. Rufin cikin ƙofofi ya tafi, har sai da igiya ake jawo mariƙin buɗewa. Silin, rediyo da lasifikoki, injin sanyi da ya daɗe da mutuwa, ƙarshe har kujerar mai zaman gaba. Komai sai ya hau sikeli, sai ya hau bayan ƙofa. Duk kilo biyu da ya fita, kiret ɗaya na ƙwai ya samu wuri. Cikin motar ya koma ƙarfe tsirara, in kuna tafiya sai kun ɗaga murya kamar masu faɗa.

Mama takan ce, “Saura kai, Baban yara. Wata rana kanka za ka cire, ka bar ta ta je ita kaɗai.”

“Ni kilo hamsin da takwas ne, ba ni da laifi,” in ji shi. “Ke ce dai ko ƙauye za mu sai in sauke kiret arba’in.”

Sai ta ɗaga mafici, shi kuma ya kauce yana dariya.

Bara na gama jami’a, injiniyancin na’urori na karanta. Na aika takardun neman aiki har na daina tunawa da inda na aika. Da zaman gida ya ishe ni, sai na fara bin Baba, ina zama a kan bokitin da aka kife a gurbin kujerar gaba. Duk shagon da muka tsaya sai ya ce, “Ku gaisa da Injiniya.” Ni kuma ina riƙe da kiret, ban san inda zan sa fuskata ba.

Wata safiya ya buɗe duka ƙofofin ya ce, “To Injiniya, ni idona ya ƙare. Duba mana da ilimin, me ya rage?”

Ina so in nuna karatun bai tafi a banza ba. Na zagaya motar sau biyu. Na ɗaga ƙasan but, wurin kaya na baya, ga tayar safaya, ga jek, ga sifana.

“Baba, yaushe rabonka da faci a hanyar nan?”

Ya yi tunani. “An fi shekara huɗu.”

Na ce to shekara huɗu ke nan yana hawa da nauyin da ba ya yi masa aikin komai. Har lissafi na yi masa a takarda. Ya ce shi tun yana ƙaramin direba bai taɓa fita babu safaya ba. Sai kuma ya kalli takardar, ya kalle ni.

“Ai kai ka yi karatun,” ya ce.

Kilo sha bakwai. Ni na rubuta wannan da hannuna, shi ne layin ƙarshe a bayan ƙofar. Mama ta kwantar da tayar a gindin bango, ta ɗora randar ruwa a kai.

Wata biyar bayan haka, ranar Talata da hantsi, muna lodi a gonar, Baba ya ajiye kiret a hankali, ya dafe ƙirji, ya zauna a ƙasa. Zufa ta jiƙa rigarsa. Ma’aikatan gonar suka taya ni fitar da ƙwan, muka shimfiɗa kwalaye a kan ƙarfen, muka kwantar da shi. Motarmu ce kaɗai a wurin. Daga nan zuwa asibiti tafiyar minti ashirin da biyar ce.

Mun wuce hawan ba ko tari, tun da ba kaya. Kaɗan bayan nan na ji sitiyari yana ja hagu, sai kuma wata ƙara. Na tsaya, na fita, na ga tayar gaba a kwance. Na ruga na buɗe but, na ɗaga ƙasan. Na san abin da zan gani, amma na ɗaga. Rami ne zagayayye, da ’yar ƙura a ciki.

Baba yana kallona daga inda yake kwance. Leɓunansa sun yi toka-toka.

“Injiniya,” ya ce, “kilo sha bakwai.”

Ina jin wasa yake yi. Har yau ban tabbatar ba.

Na kira bakanike, yana can wancan ƙarshen gari. Babbar mota ɗaya ta wuce, ba ta tsaya ba. Wani mai babur ya tsaya, amma Baba ba ya iya zama. Sai na koma na tayar da motar, na tafi a kan tayar haka. Robar ta yayyage, ƙarfe ya fara cin kwalta. Da na ɗan ƙara wuta sai motar ta nemi barin hanya. Ba kafet, ba silin, duk ƙarar a cikin kanmu take sauka. Ina ta kiransa, ban sani ba ko yana amsawa.

Awa ɗaya da minti goma muka yi. Suka shiga da shi, ba a jima ba likita ta fito, ta ce ya rasu. Na tambaye ta, da mun iso da wuri fa? Ta ce ba wanda zai iya faɗin wannan. Na sake tambaya, ta sake faɗin haka. Ban yi kuka ba. Na tuna ina tsaye ina tunanin ƙwan da muka bari a rana.

Ban gaya wa Mama shawarar wa ce ba. Ta san rubutun Baba, ta san nawa, ƙofar kuma tana nan ba a goge ba.

Bayan sati uku masu shaguna suka fara bugo waya. Bakanike ya sa sabon ƙarfen taya, ya ƙi kallon idona. Safiyar da zan fara fita, na tarar Mama ta sauke randar da kanta, ta gangaro da tayar har bakin mota, ta wanke ta. Jek da sifana suna gefe a cikin buhu.

“Ka sa mata iska a hanya,” ta ce, ta koma kan kujerarta.

Yanzu ni nake zuwa gonar. Kiret takwas na rage daga lodin Baba, duk da haka a tsakiyar hawan sai na koma giya ta ɗaya. Kafin in tashi nakan buɗe but in danna tayar da yatsa. Wani lokacin in na kai bakin titi sai in tsaya in sake dubawa.

Jiya wani mai shago ya leƙa cikin motar ya ce, “Ƙaramin Kilo, me za a cire kuma?”

Na ce ba komai. Na miƙa masa kiret ɗinsa, na ce ya duba ko akwai fasasshe.