Taƙin Talle

Talle ba ɗan maƙera ba ne, gara in faɗi wannan tun farko. Maraya ne daga Korgom, ɗan guntun mutum mai 'yan ƙananan hannuwa, ya zo Tasawa yana gyaran keke a gindin bedi. Ni kuwa, Gado, tun kakan kakana muke bugun ƙarfe a garin nan.

Shekarun samun mulkin kai gyaɗa ta yi albarka, injin ɓarar gyaɗa ya cika ƙauyuka. Na hannu ne, ka kama mariƙinsa ka yi ta turawa gaba da baya har kafaɗa ta sage. In ya lalace, maƙerata ake kawo shi. Kwatsam Talle ya haɗa wa injin feda da ƙafar keke da sandunan ƙarfe biyu. Gajeren yana zagayawa, dogon yana tura mariƙin yana janyo shi. Mutum na zaune yana taka feda, gyaɗa na ta zuba.

Manoma suka juya mini baya. Ƙyashi ya kama ni har tuwo ya daina mini daɗi. Amma maƙeri ya je tambayar mai facin taya? Allah ya kiyaye! Sai na sace iskar kekena na kai masa gyara, na zauna ina satar kallo yana auna wasu sabbin sanduna da taƙi, daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Gajere taƙi ɗaya, dogo huɗu. Na koma na ƙera nawa da ƙarfen da ya fi nasa kyau nesa ba kusa ba.

Ranar kasuwar Mayahi na kai shi, domin Ɗan Malam, shugaban manoman wajen, ya ce tsakanina da Talle, wanda nasa ya fi, shi za a ba aikin injinansu duka. Na hau na taka. Feda ta yi rabin zagaye ta cije. Na danna da ƙarfi, mariƙin ya wuce iyakarsa ya daki jikin injin, ƙau! Kasuwa ta kwashe da dariya.

Talle bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Ya matso ya ce, "Maƙeri, miƙo hannunka in gani." Ya ɗora tafinsa a kan nawa. "Ai taƙinka ya hi nawa da yatsa ukku. Sandunanka sun ƙaru, shi ko injin yana nan yadda yake." Ya ɗauki gawayi ya ɗiga a kan kowace sanda. "Huda nan."

Na ari wutar wani maƙerin kasuwa na huda, idon kowa a kaina. Injin ya juya sumul. Ɗan Malam ya yaba ƙarfena, ya ba Talle aikin.

Talle ya rasu shekarar babban fari, lokacin da gyaɗar ma ta ƙare, Allah ya jiƙan sa. Bai taɓa yi mini gori ba, da ma ya yi in samu dalilin ƙin sa. Injin nawa yana zaurena har yau, kowace sanda da huji biyu, nawa da na Talle. Na sha mayar da ƙusar da ke riƙe sandunan a hujina in ba kowa. Bai taɓa juyawa ba sai a na Talle.