Kunnen Nana na dama

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai ba a nan, har wasu sun ɗauka fushi nake. Jinyar ɗiyata nake yi.

Tun tana shekara biyu Nana ta fara yin nisa da mu. In muka je gonar babanta a Jiratawa, sai ta zauna bakin hanyar ruwa tana kallon yadda yake gangarawa cikin albasa, tana murmushi ita kaɗai. Kamar a mafarki take zaune, mu kuma muna bakin ƙofarsa.

Wata ƙawata ta turo mini tambayoyin gwajin galahanga, larurar nan da ke sa yaro ya keɓe cikin duniyarsa, a wayar salula, da Faransanci. Tana juyowa in kin kira sunanta? Ni da ban taɓa kiran sunanta na yanka ba: ƴar fari ce, ga shi sunan surukata ta ci. Na danna a'a. Tana kallon cikin idonki? A gidanmu yaron da ya yi haka sai ya sha rankwashi. Na danna a'a.

Allon ya yi ja, wai tana da larurar. Na yarda da shi kamar wahayi.

Na yi kuka, na rungumi ƙaddara. Damina ta wuce ina karance-karance, ina sake gwajin a wani shafi. Ko ta ja kunnenta tana kuka, sai in ce ai alamar ce.

Innata ce ta zo daga Tibiri ta ɗauke ta. Ta sunsuna gefen kanta, ta ɓata fuska.

"Ke, ɗiyar nan kunne ka mata ciwo. Salularki hanci gare ta?"

Washegari muka hau kabu-kabu zuwa asibiti. Layi, tikiti, jira. Likitar ta leƙa da ƴar fitila, ta sa aka yi awon ji. Na nuna mata gwajin da na yi a salula.

"Madam, ruwa da mugunya sun daɗe ciki. Galahanga gaskiya ce, akwai masu ita, amma sai an zauna da yaro an duba shi. Tambayoyin nan tuni suke maki ki taho wurinmu."

Magani, wanki, ƙaramin aiki. Kuɗin albasar bana can suka tafi, ban yi baƙin ciki ba.

Wata safiya a gida, nan unguwar Zariya, tattabara ta yi kuka kan katanga, Nana ta ɗaga kai tana nemanta. Na zauna ƙasa ina kallonta.

Kunnen dama ya buɗe. Na hagu an ce mun makara.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Inna, da likitar, da ku masu addu'a. Iyaye, in kun ga abin da ya dame ku, kowane launi allon ya nuna, ku kai yaro a duba shi, a fara da kunne.

In kun haɗu da Nana, ku tsaya ta damanta ku gaishe ta. Za ta amsa.