Ranar da Kaka Ɗan'azumi Ya Ja Jirgi Babu Kowa a Ciki

A bakin kakata Hajjo na fara jin sunansa, ina 'yar yarinya a Kano. Idan ta idar da sallar Asuba takan kasa addu'arta kashi biyu, 'yan'uwanta masu rai daban, waɗanda suka rasu daban. Ɗan'azumi kuwa a tsakiya take ajiye shi, ta ɗan yi shiru kafin ta ambace shi. Na taɓa tambayarta wane ɓangare yake. Ta ce, "Ƙanina ne. Ya tafi Maleshiya karatu tun babanki yana rarrafe. In kin gano ɓangarensa, ki zo ki faɗa min."

Da Abbanmu ya samu tallafin ƙarin karatu, muka dawo Kuala Lumpur gaba ɗayanmu, muka kama gida a unguwar Danau Kota. Ba mu sha wuyar neman mutumin ba. Duk Bahaushen da motarsa ta taɓa mutuwa a titi yana da lambar Pakcik Azumi, wato Kawu Azumi da yaren mutanen ƙasar, mai babbar motar jan motoci. Karatun da ya kawo shi bai ƙarasa ba. Ya auri wata 'yar ƙasar mai suna Rohani, ya shiga garejin mahaifinta, ya zauna. Hausarsa ta Yawuri ce, tsohuwa, sai dai ta yi wutsiyar "lah" irin ta mutanen ƙasar.

Ranar da ya fara ganina ya ƙare min kallo ya ce, "Wannan ce amaryar da Hajjo ta aiko min? Ramammiya haka? To shi ke nan lah, a kawo ta."

Na ce, "Ni ba na auren tsoho mai warin baƙin mai."

Ya yi dariya har da tari. Tun daga ranar nake kiransa Kaka, shi kuma bai taɓa kirana Walida ba, sai Amarya.

A bayan garejin akwai wani fili, a cikinsa akwai jirgin ruwa na katako, baƙi wuluk, a kan turaku. Faɗinsa ya fi layin mota guda. Surukinsa ne ya sassaƙa shi. Masunci ne da ya baro bakin teku ya shigo birni, ya kwashe shekarun tsufansa yana haɗa jirgin, ya rasu bai taɓa saka shi a ruwa ba. Rohani ma da ciwon ajalinta ya tsananta, abu ɗaya ta roƙi mijinta: ya kai jirgin babanta ƙauyensu da ke gefen Kuala Selangor, ya sha ruwa ko sau ɗaya ne. Ya amsa mata. Amma shekaru suka yi ta wucewa jirgin yana nan. Kullum da rana Kaka yakan sayo abincinsa a shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, ya hau tsani, ya ci a ciki shi kaɗai.

Na ɗauka kasala ce. Sai da aka sayar da filin ga masu gina dogayen benaye, suka ce duk abin da suka tarar a wurin ranar da za su kewaye shi za su sa zarto su yanka, sannan na ji ainihin dalilin.

Ni na zauna da shi muka cike takardun neman izini, don idonsa ya yi rauni a kan kwamfuta. Kaya mai faɗi irin wannan ba a hawa titi da shi haka kawai. Muka auna tsawo da faɗi da tsayi. Aka ɗora jirgin a tirela aka kai shi sikelin masu gwangwan da ke maƙwabtaka aka ɗauki nauyinsa. Hanyar farko da muka zana aka dawo mana da ita, wai akwai gadar masu tafiya a ƙasa da ba za ta bar shi ya wuce ba, dole aka kwance rumfar jirgin aka sake auna nauyinsa. Aka ce a sa jan ƙyalle a kusurwoyi, da fitila mai walƙiya, da motar rakiya a baya. Aka ba mu safiyar wata Lahadi, daga fitowar rana zuwa kafin Azahar. Duk waɗannan Kaka ya karɓa babu musu. Da muka je ofishin karɓar takardar, ya sunkuya gaban matar da ke wurin ya tambaye ta da yarensu ko tsoho ɗaya zai iya zama a cikin jirgin yayin tafiya.

Ta ce, "Tak boleh." Wato ba zai yiwu ba. Ba a ɗaukar mutum a kan kayan da ake ja.

A mota ya daɗe bai tayar ba. Ya ce, "Amarya, mu Sarkawa ne, masu su da fito. A gidanmu in za a ɗauki jirgi ta tudu daga wani ruwa zuwa wani, sai an zaunar da mutum a ciki, ko tsohuwa ce ko jariri. Jirgin da ke tafiya babu kowa, gayyata ce. Akwai waɗanda suka daɗe a tsaye suna jiran fito."

"Su wa?"

"Ni ma ban tambayi babana ba. Ke kin fi ni baki."

Da dare na gaya wa Abba. Ya yi murmushi ya ce doka doka ce, kuma Allah ne mai tsarewa. Washegari Abba ya tsokani Kaka, "Kawu, a cusa tsumma a tsohuwar rigarka a zaunar a ciki mana."

Kaka bai yi dariya ba. Ya ce, "Abdulrahman, ba riga suke dubawa ba."

Ranar Lahadin gari ya waye da hadari a sama, amma ko ɗigo bai sauka ba, iska ma ba ta motsi. Kaka ya hau tsani ya leƙa cikin jirgin, ya yi addu'a, ya sauko ya shiga motarsa. Ni da Abba muka bi shi a baya da fitilarmu tana walƙiya. Titin babu mutane sosai. Jirgin ya cika gabanmu, ba ma ganin komai sai baƙin katako da jajayen ƙyallaye a rataye ba sa kaɗawa.

A danja ta farko muka tsaya. Ina kallo gefen hagu na jirgin ya ɗan sunkuya, ya koma daidai, irin yadda kwale-kwale ke yi in an sa ƙafa a ciki. Ƙarfen tirelar ya yi ƙara a hankali. Na ce, "Abba, ka gani?" Ya ce birki ne. A danja ta biyu ya sake yi, wannan karon ta dama. Kafin mu fita gari na daina ƙirgawa, na koma karanta Ayatul Kursiyyu a zuci. Tayoyin tirelar da na gani a cike da safe sun fara kwanciya, motar Kaka tana fitar da baƙin hayaƙi a ɗan hawan da bai kai ya kawo ba.

Wayar Abba ta yi ƙara, ya sa ta a fili. Muryar Kaka ta fito, "Abdulrahman, yaya bayan?"

"Lafiya lau, Kawu."

"Motar ba ta ja. Kamar na ɗebo 'yan kasuwa ranar kasuwar Yawuri."

Can bayan gari, inda gonakin kwakwar manja suka fara, akwai wurin auna manyan motoci. Aka tsayar da mu, Kaka ya hau sikeli da motarsa. Jami'in ya duba allonsa, ya duba takardarmu, ya girgiza kai. Nauyin ya haura wanda aka rubuta, ba da kaɗan ba. Ya ce in haka ne izinin nan ba na wannan kayan ba ne, sai dai a ajiye tirelar a gefe a sake nema. Kaka ya dubi sama yana auna rana. Komawa ba ta yiwuwa, gobe za a kewaye filin. Jirgin da aka bari a bakin titi kuwa, ƙarshensa zarton da muka gudo.

Jami'in ya ce wataƙila mun ɓoye kaya. Ya kafa tsani ya hau da kansa. Ya daɗe yana leƙe. Da ya sauko ya ce babu komai, ko ruwan sama babu, yana magana yana shafa damatsansa kamar wanda ya fito daga ɗakin sanyi.

Kaka ya ce masa, "Yanzu motar a tsaye take. Mutum zai iya shiga?"

Ya ce, "Boleh." Wato zai yiwu.

Kaka ya cire takalmansa ya hau. Ya wuce can ƙarshen jirgin inda matuƙi ke zama, ya zauna, kansa kaɗai muke hangowa. Sai na ji muryarsa, ba irin wadda yake min wasa da ita ba, da Hausa tsantsa babu "lah" ko ɗaya.

"To jama'a, nan muka iso. Wannan jirgin ba na fito ba ne, amanar mamaciya ce. Laifina ne da na taho da shi haka. A yi haƙuri a sauka."

Wata babbar mota ta wuce, ƙararta ta ɓace. Sai ƙarfen tirelar ya fara kuka a hankali, jirgin ya karkata ta gefen daji, ya dawo, ya karkata, ya dawo. Ciyawar da ke bakin kwalbati ta kwanta ta wuri guda, alhali ƙyallayen jirgin ba su motsa ba. Ban san lokacin da na riƙe hannun rigar Abba ba.

Kaka ya sauko, leɓɓansa sun yi fari. Abba ya roƙi jami'in a sake aunawa. Aka sake, nauyin ya zo daidai da takarda. Jami'in ya ce sikelin yakan yi haka wani lokaci in zafi ya yi yawa, ya miƙo takardar bai kalli kowa ba. Abba har yau a kan haka yake, ni kuma ba na masa musu, don ni ma da zan iya da na zauna a kan haka.

Daga nan har bakin ruwa babu danja, Kaka kuwa bai ƙara taka birki ya tsaya cak ba, ko a mahaɗa sai dai ya rage gudu ya lallaɓa. Muka isa ladan bai kira Azahar ba tukuna. 'Yan'uwan Rohani suna jira da igiyoyi. Kafin su taɓa jirgin ya sa wata tsohuwa 'yar'uwarta ta hau ta zauna, sannan aka tura. Jirgin ya shiga ruwa ya tsaya ɗas. Suka kawo shinkafa da gasasshen kifi, kowa ya ci, Kaka ya ce shi a yi masa tapau, a ƙunshe masa ya tafi da shi. A motarsa na ga ƙunshin bayan kwana biyu, bai buɗe ba.

Bai ƙara karɓar aiki a wannan hanyar ba. In aka kira shi daga can sai ya tura wani. Yanzu ma ya daina tuƙi, yana zaune a ƙofar garejin yana kallon benen da ke tashi a filin.

Da Sallah ƙarama ta zo, za mu kai wa dangin Rohani ziyara, ya ce ƙafa ta hana shi zuwa. Na je yi masa sallama na ce, "Tsoho, me za a sayo maka?"

Ya kama gefen mayafina ya ce, "Amarya, na sauke mutane inda babu ruwa, babu inuwa, ban kuma san ko wani ya ƙara tsaya musu ba. In kun zo wurin sikelin nan, ki ce babanki ya rage gudu. Ki sauke gilashi ki yi sallama. Amma kada ku tsaya, kuma kada ki jira a amsa."