Tarin Barira

Rabe maƙerin Kuki gajere ne, ba shi da fara'a, ga jin kai kamar shi ya ƙirƙiro wuta. Amma a shekarun da Turawa suka fara yawon auna gonaki, babu wanzami tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi da bai san askarsa ba.

Gwanintar ba a duka take ba. In ya gama ƙira ya tsoma askar a ruwa, sai ya goge ta da dutse har ta yi fari tas, ya riƙe ta da awartaki bisa garwashin ƙirya yana jira. Zafi na ratsa ta, wani launi siriri ke hawa kanta, wanda bai kai ɓawon albasa kauri ba. Da fari ruwan zuma, sannan ja-ja, sannan shuɗi. A ruwan zuma ake janyewa. In ta kai shuɗi ta yi laushi ke nan, sai dai a yanka kuɓewa da ita. Wuta in ta yi yawa launin ya wuce a guje, iska in tana kaɗawa ya hau gefe ya bar gefe, yatsa mai maiƙo kuwa in ya taɓa ƙarfen sai ya fito dabbare-dabbare. Shi ya sa Rabe ya hana cin ƙuli-ƙuli a maƙerarsa, har baƙo.

Da tsufa ya zo, ta ido ya shigo masa. Zuma da shuɗi suka zama abu guda, shi kuwa ya gwammace ya mutu da a ji. Wata rana Jibo wanzami, abokinsa tun suna yara, ya dawo masa da aska uku.

"Rabe, wagga ba aski take ba, tuge gashi take. Liman har hawaye ya yi. In ta gaba ta zo haka, Kurfi za ni koma."

Maganar ta yi wa Rabe ciwo ƙwarai, don sunan nan shi ne duk abin da ya tara a duniya.

Washegari yana riƙe da aska bisa garwashi, yana zare idon da ba ya gani, sai ya ji tari daga bayan darni. Barira ce, matarsa ta shekara talatin, tana tsintar wake daidai wata kafa da ake hango wutar ta ciki. Ya janye. Aska ta fito ruwan zuma sak. Daga ranar kullum ya ɗora aska, Barira na bayan darni da wakenta, kuma tarin ba ya kuskure lokaci.

Shekara biyu ana haka. Matan unguwa suka yi ta kawo mata saiwoyi da jiƙe-jiƙe, tana sha tana godiya, tana hararar mijinta. Har ranar da Jibo ya iso da zabirarsa, ya zauna, ya fara fiddo kayan aiki.

"Yau dai sai na raba Barira da tarin ga. Belinta ne ya sake tsirowa. A kira ta, yanzun nan in cire shi."

"Tarin na da sauƙi," in ji Rabe.

"Sauƙin mi? Kullum na zo sai na ji shi."

Aka kira Barira. Ta fito ta durƙusa, ta dubi ƙarfen da ke hannun Jibo, ta dubi mijinta. Sai ta rufe ido ta buɗe baki. Ashe ta yarda a yanke ta a banza da dai ta tona masa asiri.

Rabe ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Ya kama hannun Jibo.

"Mai da ƙarfenka. Lafiyarta lau. Ni ne ba ni gani, Jibo. Shekara biyu ke nan da idonta nike aiki."

Jibo ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi.

"To ai sai ka hwaɗa! Mu aska muke so, ina ruwanmu da idon wa?"

Barira ta tashi ta karkaɗe zanenta.

"Malam, duk saiwoyin nan masu ɗaci da na sha, kai ma sai ka sha su."

Ya sha kuwa, kwana bakwai, tana tsaye a kansa. Da ya koma maƙera ya ɗora aska bisa wuta, mutane na zaune, sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Barira, ta yi?"

"Saura kaɗan, Malam. Yauwa, janye!"